Tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, da Amanar Alƙalami

Muna farawa da sunan Allah, Sarkin da mulkinsa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, da fatake da 'yan kasuwa masu karanta wannan fili, yau za mu kawo muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, wanda a ke kira Mai Gwandu, waɗansu kuwa su ce Mai Boɗinga, Allah ya ƙara masa yarda. Sunansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu tafsiri cikin watan azumi sun san shi da Liya'ut Ta'awili, masu nahawu sun san shi da Bahrul Muhiɗi, masu labarin yaƙi sun san shi da Tabkin Kwatto. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ba a cika faɗa a kan mumbari ba, watau yadda ya juya alƙalaminsa a kan shugabannin jama'arsa, sa'ad da ya ga sun fara aikata abin da suka yaƙi sarakunan Gobir a kansa. Sukar azzalumin wani gida ba ta da wuya, ko yaro ya iya. Inda a ke gane malami shi ne ranar da sanda ta koma hannun danginsa da abokansa. Wannan shi ne abin da mu ke so a lura da shi cikin labarin nan.

Fasali na ɗaya: asalinsa da karatunsa

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 ta Hijira, wajen 1766 ta Miladiyya, cikin Fulani Toronkawa, mutanen da suka gaji allo da tawada kaka da kakanni. Mahaifinsa shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, Shehu kuwa ya girme shi da kamar shekara 12. Ya karanta Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa. Daga Shehu ya karɓi Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na jahiliyya, ya karɓi tauhidi daga littattafan Sanusi, da nahawu daga Ajurumiya, da fiƙihu daga Ahalari da Ashmawi da Risala, kuma ya ji tafsiri daga bakinsa ba sau ɗaya ba sau biyu. Ku duba, littattafan nan su ne dai waɗanda ke cikin gafakar almajiranmu har yau. Sa'an nan ya zauna gaban waɗansu manya, kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru, da Alhaji Muhammadu ɗan Raji wanda ya karantar da su Sahihul Buhari. Shi da kansa ya jera sunayen malamansa da abin da ya karɓa wajen kowannensu, cikin littafinsa Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta a 1227, watau 1812.

Mun tsaya a kan karatunsa ne domin a gane cewa mutumin da zai tsawata wa masu mulki daga baya ya riga ya ƙoshi da sani. Ya san iyakar halal da haram cikin dukiya da jini, ya san abin da malaman mazhabar Maliku suka yi ittifaƙi a kai da abin da suka saɓa. Saboda haka in ya ce abu kaza zalunci ne, ya kan nuna babin da ya ɗauko hukuncin, wanda a ka soka kuwa ba shi da mafita sai ya kawo hujjar da ta fi.

Fasali na biyu: zamanin sarakunan Gobir

Ƙasar da ya tashi cikinta tana ƙarƙashin sarakunan Gobir, masu zama a Alƙalawa. Daga baya Shehu ya lissafa halayen mulkin wannan zamani cikin Kitabul Farƙi. Akwai jangali a kan dabbobi, da kuɗin gari, da kuɗin salla. Akwai gaisuwa, wadda ba a ganin mai mulki sai da ita. Akwai kamuwa, watau a kama dabbar mutum ba da yardarsa ba, a ɗora mata kayan sarki. Akwai gargaɗi, watau a tilasta wa mutum fita yaƙi, in ya ƙi a ci shi tara. Ana tatsar fatake a kan hanya, ana ɗiban kayan masu sayarwa a kasuwa, in mutum ya mutu a shiga dukiyarsa a bar magada hannu wofi. Mai ƙarfi ya ci, marar ƙarfi ya yi kuka ya share hawayensa da kansa.

Abdullahi ya bi wansa yawon wa'azi a ƙasashen Kabi da Zamfara, a Zamfara ma sun yi kamar shekara 5. A cikin wannan yawo ne alƙalaminsa ya fara fitowa fili. Wani malami daga Barno, Goni Mustafa, ya aiko da baitoci yana zargin Shehu da barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa ya mai da jawabi. Abdullahi ya amsa da waƙa, ya nuna cewa cakuɗuwa haramun ce kuma ba su yarda da ita ba, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi ta muni, kuma in barna biyu suka haɗu a kan kauce wa babbar. Tun daga nan a ke ganin halinsa, yana auna magana da sikelin fiƙihu, kuma yana tsayawa wajen wanda aka danne.

A Babbar Salla ta 1202, watau 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya yi musu kyauta mai yawa. Abdullahi yana wurin. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, a maimakonta ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsawa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Sarki ya amsa. Ku lura, biyu daga cikin biyar ɗin haƙƙin talaka ne tsantsa. Saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai ya ga da idonsa cewa hannun da bai karɓa ba shi ke da ikon nuni, bai kuwa manta da wannan darasi ba har ya koma ga Allah.

Bayan haka ya lura da yawa daga cikin malaman danginsu sun yi shiru, ba su taimaki Shehu ba, ba su kuma yi gāba da shi ba. Sai ya tsara musu waƙar nasiha ya aika, yana zaburar da su a kan umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Ta isa hannun manyansu, ta ratsa su, da yawa suka taso suka shigo cikin jama'a. Watau tun kafin a zare takobi, ya riga ya saba da faɗa wa na gida abin da ba su so ji ba.

Fasali na uku: hijira da yaƙi, da yadda tsutsa ta shiga goro

Al'amari ya tsananta zamanin Sarki Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi. Da Yunfa ya hau, rundunar Gobir ta faɗa wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana, ta kama su bayi. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel sai jama'a suka kwance su. Daga nan zama ya ƙare. Aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin watan Zulƙida 1218, Fabrairu 1804, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu, shi ne kuma Waziri. Cikin Rabi'ul Awwal 1219, Yuni 1804, ya ja runduna a Tabkin Kwatto, Allah ya ba su nasara a kan Yunfa. A 1805 ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi. Wanda zai soki masu jihadi nan gaba, ashe, yana cikin waɗanda suka fi kowa shan ranarsa.

To, yaya aka yi abu ya lalace? Dalili na farko shi ne mutuwar mutanen kirki. A yaƙin Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an rasa kamar mutum 2,000, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kamar 200. Waɗannan su ne waɗanda suka yi shekaru suna zaune gaban Shehu, suka san abin da a ke yaƙi dominsa. Dalili na biyu yunwa ce, gama jama'a sun baro gonakinsu, ba su da rumbu sai abin da suka samo a fagen fama. Dalili na uku shi ne, da nasara ta fara zuwa sai runduna ta cika da waɗanda suka shigo domin ganima, ba su yi karatu ba, ba su kuma sha tarbiyya ba.

Abin ya fito sarari a ƙarshen 1805, a kan hanyar zuwa Alwasa. Runduna ta biyo ta wani gari, Kwalde, wanda ke zaman amana da jama'a, sai mayaƙa suka faɗa masa da wasoso. Abdullahi da ɗan wansa Muhammadu Bello suka tsaya su hana, ba a saurare su ba, har rayukansu suka shiga haɗari a hannun mutanensu. Suka ba da shawara a koma, tun da rundunar da ta ci amana ba ta cancanci nasara ba, aka rinjaye su. Aka je Alwasa aka sha kashi mai tsanani, aka yi asarar rayuka masu yawa. Labarin nan bai zo mana daga bakin abokan gāba ba. Shugabannin jihadin ne suka rubuta shi da hannunsu, suka bar mana, alhali suna da ikon binne shi.

Fasali na huɗu: fitarsa da zamansa a Kano

A shekara ta 1222, watau 1807, an ɗaura yaƙi zuwa Alƙalawa. Abdullahi ya fita tare da runduna, amma zuciyarsa ta riga ta gaji. Ya duba ya ga abokansa na gaskiya yawancinsu sun kwanta dama, waɗanda suka rage kuwa duniya ta buɗe musu baki. Bai ware kansa ba, ya lissafa kansa cikin waɗanda canjin ya shafa, abin ya tsorata shi. Sai ya sulale daga runduna da abokai 5, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Suka kwana uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, ba sawun kome sai na giwaye.

A kan wannan fita ya yi waƙar Larabci wadda ta shahara, ya sa ta daga baya cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tara waƙoƙinsa da labarin dalilin kowace, a 1228, watau 1813. A cikinta ya sifanta mutanen da ya baro. Ya zarge su da faɗin abin da ba su aikatawa, da sakaci da makarantu da masallatai. Ya nuna himmarsu ta koma neman sarautar garuruwa da muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da riguna, da dawakin kilisa waɗanda ba su san fagen fama ba, da cin ganima da rashawa, da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. Mafi nauyi duka, ya zargi waɗansu da kai 'ya'ya kasuwa, watau sayar da mutanen da shari'a ba ta halatta bautar da su ba, waɗansu kuma da shiga rigar alƙalai ba su cancanta ba. Ya kai mai karatu, ka tuna mai wannan magana Waziri ne, waɗanda ya ke nufi kuwa masu riƙe da tutoci da garuruwa ne, kuma Shehu yana da rai.

Tafiya ta kai shi Kano, inda jama'ar Shehu ba su daɗe da karɓar gari ba. Mutanen Kano suka tare shi, suka roƙe shi ya zauna ya koya musu yadda a ke tsai da mulki bisa shari'a. Ya duba ya ga abin da ya gudo dominsa ya riga shi isowa, ya kuwa gaya musu haka ba rufa-rufa. Duk da haka bai wuce ya bar su ba. Ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Ya ba da labari cewa sun tuba, sun farfasa kayan kiɗa, har sun mai da itacen gangunansu abin zuba wa dawaki abinci.

Liya'ul Hukkami littafi ne na aikin mulki. Ya kawo sharuɗɗan shugaba da yadda a ke naɗa shi, da aikin waziri da alƙali da mai hisba mai duba mudu da sikeli a kasuwa, da hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali bisa halal, da inda a ke kashe ta. Ya ɗebo da yawa daga wasiyyar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shekara 300 da suka gabata, a cikin wannan birni dai, wadda ta nanata haɗarin sarki ya ɓuya wa talakawansa. Ya tsananta a kan kyautar da a ke kai wa mai muƙami saboda muƙaminsa, da ba da shugabanci ga wanda bai cancanta ba. Wannan shi ne bambancin mai nasiha da mai ƙorafi. Waƙarsa ta nuna ciwo, littafinsa ya kawo magani, ya bar wa talaka ma'aunin da zai auna mai mulkinsa da shi.

Daga Kano bai ci gaba zuwa gabas ba, ya komo wajen wansa. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Abdullahi ya ci gaba da jan runduna ta yamma har ƙetaren Kwara, ƙasar Gurma. Da Shehu ya raba aikin ƙasa wajen 1812, ya ba shi yamma, ya ba Bello gabas, ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu ya ke.

Fasali na biyar: saɓaninsa da Shehu

Komowarsa ba ta sa ya ajiye alƙalami ba. Cikin shekarun nan ya saɓa wa Shehu kansa a kan mas'aloli, a rubuce, musamman cikin Liya'us Sulɗani na 1227, watau 1812. Shehu ya ga jama'a ta yi yawa, ta haɗa masu ƙarfin imani da raunana, sai ya karkata ga sauƙaƙawa cikin littattafansa irin su Najmul Ihwani, a kan sunayen sarauta da tufafin ado da waɗansu kayan kiɗa, matuƙar akwai malamin da ya halatta. Abdullahi ya tsaya a kan tsanantawa. Tsoronsa shi ne kada halifanci ya rikiɗe ya zama mulukiya, ɗa ya gaji uba ko ya cancanta ko bai cancanta ba, fada ta koma yadda ta ke a da, sunan masu ita kaɗai ya sauya.

Mas'alar da ta fi nauyi ita ce ta kafirtawa. Shehu, bisa bin fatawar Maghili, ya tafi a kan cewa Musulmin da ya taimaki kafirai a yaƙi da Musulmi ya fita daga addini. Abdullahi ya rarrabe. A wurinsa, in mutum ya taimake su ne a kan kafircinsu, wannan kafirci ne, in kuwa ya shiga rundunarsu ne don kwaɗayi ko tsoro ko wata bukatar duniya, ya yi saɓo babba amma yana nan Musulmi. Kada a ɗauka wannan gardamar zaure ce kawai. A hukuncin wancan zamani, kalmar kafirci ita ke buɗe ƙofa ga jinin mutum da dukiyarsa, har a kai ga kama iyalinsa. Duk wanda ya ƙuntata ƙofar kafirtawa ya tsare wuyan mutane masu yawa daga takobi da igiya. Bello ya mai da martani a rubuce yana goyon bayan mahaifinsa, aka yi ta musayar hujja.

Abin koyi a nan ta fuska biyu ne. Ƙane bai ga girman wansa, wanda shi ne malaminsa kuma shugabansa, ya haɗiye abin da ya ke ganin gaskiya ne ba, bai kuwa fita daga ladabi ba. Wa kuma bai sa an ƙone littafin ba, bai tuɓe ƙanensa ba, ya amsa hujja da hujja. Ƙasar da shugabanta ke jure wa alƙalami haka, ita ce ke da fatan gyaruwa.

Fasali na shida: bayan Shehu, da rasuwarsa

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1232, Afrilu 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a, ana kuma ruwaito cewa da Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya juya ya tafi Gwandu, aka yi 'yan shekaru da sanyi tsakaninsa da ɗan wansa. Bai tara runduna don neman sarauta ba, ko da ya ke yana da mabiya da garuruwa. Da mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye abin ya yi tsanani, Bello ya kawo masa gudummawa, suka ci garin wajen 1820. A nan suka sadu suka shirya, baffa ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.

Akwai masu cewa duk sukar da Abdullahi ya yi haushin rashin sarauta ne. Lissafin shekaru ya isa amsa. Ya bar runduna a 1807, ya rubuta Liya'us Sulɗani a 1812, ya tara Tazyinul Waraƙati a 1813, duk Shehu yana da rai, shi kuwa yana Waziri, rabin ƙasa na hannunsa. Mai neman gadon sarauta ba ya ɓata wa masu zaɓe rai shekara 10 kafin ranar zaɓe. In ma akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu, ya fi kusa a ce faɗin gaskiyarsa ne ya rage masa magoya baya cikin manya.

Ba kuwa za mu ce ma'asumi ne ba. Mutum ne na takobi, an zub da jini a ƙarƙashin tutarsa, har a Kalambaina, kuma gidansa na Gwandu ya zama gidan sarautar gado kamar sauran, ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sa'an nan Halilu. Abin da ya ji tsoro ya auku, alƙalaminsa bai iya tare shi ba. Amma ya bar shaida a rubuce cewa ba don haka aka fita ba, shaidar kuwa ta fi shi tsawon rai.

Ƙarshen rayuwarsa ya sakar wa 'ya'yansa yawancin aikin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya gama Liya'ut Ta'awili a 1231, wajen 1816, daga baya ya taƙaita tafsiri cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudani domin masu ƙaramin ƙarfi. Ya rubuta Ta'alimur Rali a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, ya rubuta Hisnur Rasini a kan sarfu. Ya rasu a Gwandu a 1245, watau 1829, yana da shekara kamar 65 ta lissafin wata, kabarinsa yana can. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Kammalawa

Littattafansa ba su mutu da shi ba. Zamanin mulkin Turawa, sa'ad da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka tashi sukar zaluncin da a ke yi wa talakawa da sunan sarauta, har aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sun riƙa kafa hujja da abin da Shehu da Abdullahi da Bello suka rubuta, suna auna jikoki da ma'aunin kakanninsu. An buga Liya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961, an buga Tazyinul Waraƙati da fassarar Turanci a Ibadan a 1963. Yau babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da sunansa a ke kiransa, haka fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kabi. Sa suna a bango abu ne mai sauƙi. Ɗaukar halin mai sunan shi ne aiki.

Ya ku malamai, mu duba zamaninmu. Tun daga 2009 ƙasar Barno da maƙwabtanta suka ga abin da kafirta Musulmi barkatai ke haifarwa, an kashe malamai da almajirai, an ƙone kasuwanni. A Zamfara da Sakkwato da Kabi, ƙasashen da Abdullahi ya taka da ƙafarsa yana wa'azi ko yaƙi, an wayi gari ana kama 'ya'ya ana neman fansa, manomi na biyan ɗan bindiga kafin ya shiga gonarsa. Fatake sun san abin da su ke ajiyewa a shingayen hanya wanda ba ya cikin kowace doka. Gaisuwa ta sake suna, ba ta sake hali ba. A irin wannan lokaci, malamin da ke da murya sa'ad da abokin hamayya ke mulki, ya rasa ta ranar da nasa ya hau, ya san bai bi sawun Mai Gwandu ba. Wanda kuma ya karɓi mota da kujerar Makka daga hannun mai mulki, to, bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Sharuɗɗan da mu ka gani a rayuwarsa huɗu ne. Ya yi magana da sani. Ya tsare hannunsa, ya fara tuhumar kansa kafin ya tuhumi wani. Ya haɗa suka da bayanin gyara. Sa'an nan bai mai da alƙalami tsanin fitina ba, ya soki shugabanni amma bai kira mutane su zub da jini don a ba shi kujera ba. Wanda ya cika waɗannan, ko a allo ya ke rubutu ko a jarida ko a wayar hannu, ya shiga layin magabata.

Ku kuma 'yan kasuwa, kuna da rabo cikin wannan amana. Malamin da jama'arsa suka riƙe shi da zakka da sadaka da ciniki na mutunci ba ya bukatar tsayawa ƙofar mai mulki. In kun bar shi da yunwa, kada ku yi mamaki in kun ji harshensa ya yi nauyi ranar da ku ke bukatarsa.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin nasiha, ya ba malamanmu ƙarfin zuciyar faɗinta, ya kawo mana zaman lafiya a birni da ƙauye. Allah ya gafarta wa Shehu da Abdullahi da Bello, da iyayenmu da malamanmu baki ɗaya, amin.